Sabulu a Sandar Goge

Tun ranar da na dawo daga Malesiya ban sha ruwa cikin kwanciyar hankali ba. A aji, a layin shago, har a bakin famfon alwala, sai wata ta dafa ni ta ce in ba ta labari. Na ba da shi har muryata ta dushe, kuma kullum jirgin ƙara girma yake yi, benen da muka zauna yana ƙara hawa goma. Jiya na ji wata 'yar aji ɗaya tana rantsuwa wai na yi wa sarkin ƙasar kiɗa har ya yi hawaye. Shi ya sa na ce gara in rubuta sau ɗaya, kowa ya karanta, a bar ni in huta. Amma ku sani tun yanzu, tsoron da na ji a can ya fi tsarabar da na kawo nauyi.

Ga waɗanda ba su sani ba, shekara huɗu ke nan ina koyon gogen Turawa, wanda ake kira bayolin, a wurin Malam Bitrus, malamin kiɗan makarantarmu a nan Kaduna. Dattijo ne mai haƙuri, ko ƙuda ba ya kora da ƙarfi. Shekara huɗun nan kuma wayo nake yi masa. Idan ya ajiye mini takardar kiɗa, mai layi biyar-biyar ɗin nan da ɗige-ɗige kamar tsuntsaye a kan wayar lantarki, sai in marairaice in ce ya ɗan kaɗa mini sau ɗaya in ji daɗinsa. Da ya kaɗa, shi ke nan, kunnena ya ɗauke. Sai in ƙura wa takardar ido, in haɗa gira kamar mai karatu, in mayar masa da abin da na ji. Sunayen ɗigon na sani sama-sama. Tsawon kowanne kuwa, da alamomin da ke cewa a yi shiru, ban taɓa kula su ba.

Babban wana, Yaya Mubarak, yana karatun digiri na uku a Kuala Lumpur. Shi ya turo sanarwar wani horo na kwana goma da ake yi wa matasa lokacin hutu, inda ake haɗa su su zama okestira, wato makaɗa wajen sittin su kaɗa abu ɗaya tare, a ƙarshe su hau dandamali a gaban jama'a. A takardar neman shiga akwai tambaya ko mutum yana iya karanta takardar kiɗa kai tsaye. Na cika da "e" hannuna ko rawa bai yi ba. Malam Bitrus ya sa hannu, ya ƙara da wasiƙa yana shaidar cewa ya san ni, kuma ina karatu lafiya lau. Da aka ɗauke ni, ya ba ni aron gogensa da sandar gogawarsa, waɗanda suka girme ni, saboda nawa kuka yake kamar akuyar da aka taka wa ƙafa.

Wata biyu kafin tafiya suka aiko da takardun kiɗan, an rubuta "goge na biyu" a saman kowace. Na jefa su a durowa, na nemo kiɗan a waya, na sa a kunne safe da yamma har na haddace. A ganina na gama shiri.

Tare da Anti Safiya, matar Yaya, muka tafi, da ma ta zo ganin gida za ta koma. Kakata da muka je sallama ta kalli akwatin gogen ta ce a zamaninta 'yar mutunci ko Kawo ba ta zuwa da goge a hannu, balle bangon duniya, sannan ta cusa mini ƙullin daddawa ta yi mini addu'a mai tsawo. Abba ya kai mu Abuja a mota. Sau uku aka tsayar da mu a hanya, sau ukun kuma baƙin akwatin nan ake nunawa a ce a buɗe. Wani jami'i ya ja da baya taku biyu kafin in ɗaga murfin. Da ya ga abin da ke ciki ya ce, "Ƙanwata, wannan ƙaramar garaya har da gadonta na karammiski?"

Ban taɓa hawa jirgin sama ba. Da ya fara gudu na riƙe hannun Anti har sai da ta ce in bar mata yatsa ɗaya na cin abinci. Can sama kuma ya shiga wata girgiza kamar Keke Napep a hanyar unguwarmu, na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Gogen yana ma'ajin da ke saman kanmu. Wani ƙaton mutum ya zo ya danna jakarsa a kai, na ji wani abu ya ce ƙaras. Awa biyu ina zaune ina tsara yadda zan gaya wa Malam, kafin in samu ƙarfin miƙewa in duba. Biskit ɗin mutumin ne ya farfashe.

Mun canja jirgi a Doha, muka sake wata tafiyar da na ɗauka ba za ta ƙare ba. A Kuala Lumpur, jami'ar da ke duba fasfo ta kalle ni, ta kalli hotona, ta ce mu koma gefe. Na tuna da daddawar kaka, na ga kaina a kurkukun Malesiya ina bayanin ɗorawa da Turanci. Ashe takardar gayyata kawai take son gani, tunda shekaruna ba su kai ba. Ta karanta, ta karanta wasiƙar Malam, ta yi murmushi ta ce 'yarta ma tana kaɗa goge. Ta tambaye ni na ɗaya nake ko na biyu. Na ce na biyu. Ta ce to, in shirya yin ƙirge da yawa. Na yi dariya kamar na gane.

Su Yaya suna zaune a unguwar Bukit Jalil, hawa na goma sha tara. Ranar farko ban yarda na matsa kusa da taga ba. Zafin garin ma daban yake: namu gasa mutum yake yi, nasu dafa shi yake, ka fito wanka kana neman wani wankan. Kullum da la'asar sai an yi ruwa da tsawa kamar sama za ta tsage, kuma babu wanda yake ko ɗaga kai. Takalma a ƙofar gida ake barinsu, a baranda, su kwana su wuni ba wanda ya taɓa. Ni dai na shigo da nawa na ɓoye a bayan firji, don ban san su ba tukuna.

Da safe shinkafa suke ci, dafaffiya da madarar kwakwa, da gyaɗa, da wasu ƙananan kifaye masu kallon mutum, da jan yaji. Na ɗebo yajin da murna, sai na ji sukari a ciki. Wa ya aike su? A jirgin ƙasan cikin gari kuwa kowa shiru, ba mai gaisuwa, ba mai tallan maganin basir, ba mai tambayar ɗan wane ne kai. Anti ta gargaɗe ni kada in nuna mutum da manuniya, da babban yatsa ake nuni, sai na wuni ina yawo da hannu a dunƙule kamar mai neman faɗa.

Ranar Alhamis aka fara horon, a wani babban zaure mai sanyin firji. Masu goge kaɗai mun kai ashirin da wani abu, an raba mu gida biyu, na ɗaya da na biyu, kuma mutum biyu-biyu ke zama a gaban takarda ɗaya. Aka sa ni layin ƙarshe tare da wata Bamaleshiya sa'ata mai suna Aina, 'yar siririya mai ƙarfe a haƙora, wadda ta jera fensir uku a gabanta kamar za ta rubuta jarrabawa. Ta ce tunda ni ce a kujerar ciki, ni zan riƙa juya mana shafi. Na ce ba damuwa, ko da yake ban san yadda zan gane shafi ya ƙare ba.

Malamarmu ta masu goge wata tsohuwa ce 'yar asalin Sin, Cikgu Lim. Cikgu shi ne malam a bakinsu. Tsayinta bai wuce kafaɗata ba, tana soke fensir a gashinta, ba ta ɗaga murya, amma idan ta kalle ka sai ka tuna laifin da ka yi tun kana firamare.

Jagoran okestirar ya ɗaga sandarsa, ya sauke, kowa ya fara. Ni ma na rufe ido na saki kiɗan da na haddace, da ƙarfina, har ina rangaji. Daɗi ya kama ni. Can sai na ji shiru. Na buɗe ido na ga mutum sittin sun juyo suna kallon layin ƙarshe. Jagora ya tambaya cikin ladabi ko akwai 'yar goge na ɗaya da ta ɓata hanya.

Nan na gane abin da na yi wa kaina. Abin da kunne ke ji a waya, mai daɗin nan da ake bi da baki, na masu goge na ɗaya ne. Mu na biyu aikinmu yana ƙarƙashi: mu cike gibi, mu yi ɗan taf-taf tsakanin bugu da bugu, mu yi shiru na tsawon lokaci, sannan mu faɗo daidai inda aka rubuta. An raba takardar gida-gida da tsayayyun layuka, kowane gida da adadin bugunsa, kuma wani wurin sai ka ga lamba kawai, ma'ana ka ƙirga gida kaza ba ka taɓa tsirkiya ba. Wata biyu na yi ina haddace kiɗan wasu.

Na ce ai kunnena bai mutu ba, zan ɗauka daga Aina. Amma mai busa ƙaho yana bayan ƙeyata, mai ganga yana gefensa, kuma duk abin da na kwaikwaya sai ya fito bayan nata da ɗan kaɗan. Na juya mana shafi biyu a haɗe sau ɗaya, Aina ta fizgo shi baya da hannun hagu ba ta daina kaɗawa ba, ta yi mini wani kallo ta gefen ido.

Darasin safe kuwa na Cikgu Lim ne, kuma ita ba ta ba da littafin atisaye daban. Daga cikin kiɗan okestirar take yanko gida huɗu ko takwas ta ce yau su ne darasinmu. Nan akwai gudun yatsu, sai mu yi shi a hankali kamar masu tafiya a kan ƙwai, sannan a ƙara sauri kaɗan-kaɗan. Can akwai inda sanda za ta riƙa tsalle a kan tsirkiya, sai mu wuni a kai har wuyan hannu ya mutu. Wani wurin kuma so take mutum goma sha biyu su kaɗa a hankali har a ji ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Kowace sanda dole ta hau tare ta sauka tare da sauran, kuma ta ce daga ƙofa take gane wanda tasa ta saɓa. Ta ce mai kiɗa shi kaɗai idan ya ɓata kansa ya ɓatar, amma a nan mutum ɗaya yana iya jan mutum sittin cikin kwata.

Ranar Juma'a ta tsayar da mu ta ce tana jin amsa-kuwwa daga baya, wani yana maimaita abin da aka riga aka wuce. Ba ta kalle ni ba. Da ta kalle ni ma da ya fi sauƙi.

Abin da na yi bayan nan, ina roƙon kada wata ta kai wa Umma. Na taɓa gani a waya cewa 'yan fim idan za su yi kamar suna kaɗa goge, sabulu ake shafa wa gashin sandar. Gashin dokin da ke jikinta ƙaro ake goga masa don ya kama tsirkiya ya ba da sauti. Idan aka sa sabulu sai ya yi ta zamewa, ba a jin komai. Ranar Asabar da safe na shiga banɗakin Anti, na ɗauki sabulunta mai ƙanshin lemo, na shafe sandar Malam Bitrus tun daga sama har ƙasa.

Kwana biyu na yi ina sarauta. Sandata tana hawa tare da ta kowa, tana sauka tare da ta kowa, ina girgiza kai, fuskata cike da shauƙi, ko sauro bai ji ni ba. Amsa-kuwwa ta ɓace. Jagora har ya yaba wa layin baya. Aina ce kawai ta shinshina iska ta tambaye ni ko na canja turare, daga baya kuma ta ce, ba tare da ta dube ni ba, kanta kaɗai take ji a teburin nan. Na ce ai mu a ƙasarmu a hankali muke kaɗawa.

Amma ban ji daɗin sarautar ba. Duk lokacin da Cikgu ta taso ta nufo baya, sai in sunkuyar da kai in ƙura wa takarda ido. Abinci ya daina wuce mini. Anti ta ɗauka yajin sukari ne.

Ranar Litinin da safe Cikgu Lim ta cire fensir daga gashinta ta ce yau tebur-tebur za a yi, na waje ya kaɗa gida takwas shi kaɗai, sannan na ciki. Tebur shida ne. Na zauna ina jin abin yana matsowa kamar layin allura a asibiti. Na yi tunanin suma, amma ban san yadda ake faɗuwa da gogen aro a hannu ba. Na yi addu'ar a ɗauke wuta, sai na tuna ba a gida nake ba. Tafin hannuna ya jiƙe, gumin ya gangara kan gashin sandar, na duba na ga 'yar kumfa tana tasowa kusa da babban yatsana.

Aina ta yi nata tsaf. Cikgu ta ce, "Nafisa."

Na ɗora sanda na ja. Abin da ya fito bai fi numfashin jariri mai barci ba. Na sake ja da ƙarfi. Fuu. Wani a gaba ya yi tari don ya danne dariya.

Cikgu ta tako har inda nake, ta miƙo hannu, na ba ta sandar. Ta shafa gashin da yatsa, ta kai hanci, ta tsaya. Sannan ta saka sandar a hammata ta koma gaba ta ci gaba da darasi, kamar ba abin da ya faru. Awa ɗaya da rabi na zauna da goge a cinya ba sanda. A rayuwata ban taɓa jin tsoron duka kamar yadda na ji tsoron shirun matar nan ba.

Lokacin cin abinci ta kira ni wani ƙaramin ɗaki. Ta ba ni wata sandar, ta ajiye mini layi ɗaya na kiɗan yara, ta ce bismillah a nata yaren. Na kalli layin, layin ya kalle ni. Na buɗe baki zan ce ta ɗan kaɗa mini sau ɗaya, sai kuka ya riga maganar fitowa. Na gaya mata komai.

Ta ciro wasiƙar Malam Bitrus daga fayil ta ajiye a tsakaninmu. Ta ce mutumin da ya rubuta wannan ko dai maƙaryaci ne ko kuma ba ya sauraron ɗalibansa, kuma za ta rubuta wa masu shirya horon kada su sake karɓar shaidarsa a kan kowa.

"Cikgu, wallahi bai sani ba. Ni na yaudare shi."

"Shekara nawa?"

"Huɗu."

Ta daɗe tana kallona. "Kunnenki yana da kyau, shi ya lalata ki. Sandar ma tasa ce?"

Na gyaɗa kai. Ta rufe ido kamar mai ciwon haƙori.

Ga sharaɗin da ta gindaya. A cikin kashi huɗu na kiɗan, ɗaya kawai zan koya, mai tafiya a hankali, shafi biyu. Ba sauraro a waya, ko sau ɗaya. Ranar Juma'a zan kaɗa mata shi ni kaɗai daga takarda, har da wuraren shiru. Idan na ci, zan hau dandamali ranar Asabar a wannan kashin, wasiƙa kuma ba za ta tafi ba, amma ni da bakina zan gaya wa Malam idan na koma. Idan na faɗi, zan zauna cikin 'yan kallo, sunan Malam kuma ya tafi.

Da na gaya wa Yaya da yamma, sai da ya yi dariya har ya zame daga kujera, yana cewa, "Auta, sabulun Safiya? Mai lemon?" Da na kai maganar wasiƙa sai dariyar ta tsaya. Ya karɓe abin sauraren kunnena ya sa a aljihu, ya ce in ɗauko takardun mu tafi mamak, shagon abincin Indiyawa Musulmi da ke Sri Petaling. Shi bai san komai a kiɗa ba, injiniya ne, amma ya duba shafin ya ce ai wannan lissafin firamare ne aka sa wa wutsiya. Ya sayi roti, wata gurasa mai laushi, ya ce ga bugu huɗu. Ya raba biyu, ya sake rabawa, ya sake, ya jera gutsattsarin a faranti yadda ɗigon suke a gida na farko, ya ce in tafa. Inda alamar shiru take sai ya bar gurbi a farantin. Idan na tafa a kan gurbi sai ya cinye gutsure ɗaya. Roti biyar ya ci a ranar, ni ko ɗaya.

Kwana uku na yi a matattakalar bene, saboda maƙwabcinmu ya aiko da 'yar takarda mai ladabi sosai yana tambaya ko kyanwarmu ba ta da lafiya. Ina tafi, ina ƙirgawa da ƙarfi, ina kaɗa gida biyu in koma. A zaure kuma Cikgu ta hana ni taɓa goge da rana, ta ce in zauna kusa da Aina in bi takarda da yatsa, in juya shafi a kan lokaci. Aina ta yi kwana ɗaya ba ta yi mini magana ba. Washegari ta turo mini fensir ɗaya daga cikin ukun, ta ce in rubuta ƙirgen a saman gidajen, ba haram ba ne, kowa yana yi.

Wurin da ya fi ba ni tsoro yana shafi na biyu: gida ashirin da uku na shiru, sannan duk okestira ta ɗauke numfashi na bugu biyu, sannan mu masu goge na biyu mu shigo mu kaɗai. Wanda ya riga, duk zauren zai ji shi tsirara.

Ranar Juma'a Cikgu ta miƙo mini sandar Malam. Ta wanke gashin da kanta, ta shanya, ta goga masa ƙaro. Ta kunna 'yar na'urar da ke ƙwanƙwasa bugu, ta zauna. Shafin farko na wuce shi da kuskure biyu. Da na iso wurin shiru na sauke goge na fara ƙirgawa a zuci. A gida na tara ta yar da fensir. A na sha huɗu ta tambaye ni ko na ci abinci. Ban amsa ba, na ƙura wa bango ido ina motsa yatsun ƙafa a cikin takalmi. A na sha tara ta tashi ta buɗe ƙofa ta rufe. Na ɗaga goge a na ashirin da biyu, na bar bugu biyun suka wuce, na shigo.

Ta kashe na'urar. "Boleh," in ji ta, wato ya yiwu. "Kashi ɗaya kawai. Kada ki yi rangaji."

Ranar Asabar da rana zauren ya cika. Na zauna a bayan labule har aka gama kashi na farko, sannan na lallaɓa kujerata da baƙar abaya da baƙin mayafi. Fitilu sun hana ni ganin kowa, sai dai na ji tarin Yaya, wanda zan gane ko a filin Idi. Muka fara. Na juya shafi ɗaya tak, na duba sau biyu don in tabbata.

Sai ga shirun. Na ƙirga. A gida na ashirin da ɗaya, ta gefen ido, na ga Aina ta ɗaga gogenta ta ɗora sanda, tana shirin ja. Aina, mai fensir uku, wadda ba ta taɓa kuskure ba. Duk jikina ya ce in bi ta, ai ita ta sani, ni wace ce. Amma yatsun ƙafata sun ce ashirin da ɗaya. Idan ni ce na ɓata, zan bar ta ta shigo ba ni. Idan ita ce, za ta faɗa cikin shirun nan ita kaɗai a gaban iyayenta. Ban san lokacin da na buga mata gwiwa da gwiwata ba. Ta daskare. Ashirin da biyu. Ashirin da uku. Zauren ya yi tsit na bugu biyu, waɗanda a wurina sun fi tafiyar Doha tsawo, sannan mu goma sha biyu muka shigo tare.

A bayan labule Aina ta rungume ni, ta ce ta tsallake gida biyu a kai saboda ta hango kakarta. Cikgu Lim ta wuce ta gabanmu ta ce layin baya ya shigo daidai, amma sautina ya ɗan yi ƙasa, in gyara yatsa na biyu.

Dawowa ba ta ba ni tsoro ba, ko da jirgin ya yi girgizarsa, saboda abin da ke jirana a Kaduna ya fi shi. Ranar da aka koma makaranta na kai wa Malam Bitrus gogensa a ɗakin kiɗa. Na ajiye, na tsaya daga bakin ƙofa yadda zan samu hanyar gudu, na faɗa masa duka, tun daga shekara huɗun har sabulu. Ya buɗe akwatin, ya ɗauki sandar, ya duba gashin a hasken taga, ya daɗe yana dubawa. Ya tambaya ko da gaske matar ta ce za ta soke shaidarsa. Na ce e. Ya zauna, ya cire tabarau, na ji da ma dukana ya yi.

Da na rasa abin yi sai na miƙa masa wayata, da bidiyon da Yaya ya ɗauka. Ba a ganina a ciki sam, kan wani mai babban goge ya rufe ni, sai gefen mayafina. Malam ya karɓi takardun kiɗan a hannuna, ya jawo shafi na biyu gabansa. Da aka iso wurin shiru ya fara ƙirgawa da yatsa a kan tebur, ni ma ina yi a cikin takalmi. Ashirin da uku, bugu biyu, muka shigo. Ya mayar da bidiyon baya ya sake ƙirgawa.

Sannan ya mayar da tabaransa ya dube ni.

"Shekara huɗu ina koya miki kiɗa, Nafisa," in ji shi. "Ashe shirun ya kamata in fara koya miki. Jawo kujera."